Idan Sifana Ta Karye, Wa Zai Biya?

A hutun da ya wuce, motar ƙungiyarmu ta ɗauko mu daga wani taro, ba mu yi nisa ba sai tayar baya ta sace. Direba ya gangara gefen titi daura da wata rumfar makanikai, mu kuwa muka sauka muka nemi inuwa, muka ci gaba da gardamar siyasar duniya kamar yadda muka saba. Wani bakanike dattijo ya fito da wilsifanarsa, sabuwa fil, ko ƙyallinta bai dushe ba. Ya kwance noti na ɗaya, ya kwance na biyu. A kan na uku ya danna da ƙarfinsa, sai muka ji ƙas! Bakin sifanar ya dare gida biyu, hannunsa ya zarce ya daki ƙarfen mota, fatar yatsu biyu ta ɗaye. Ya naɗe su da wani tsumma da ya sha baƙin mai, ya aiki yaronsa ya aro wata sifanar a rumfar maƙwabci, ya ƙarasa aikin jini na ɗiga a kan taya.

Ɗayanmu ya ce masa, "Baba, yaushe ka saye ta?" Ya ce yau kwana tara. "To, ba za ka mayar musu ba?" Ya dube mu irin kallon da babba ke yi wa yaron da ya tambayi abin da kowa ya sani, ya sa hannu a aljihu ya ciro rasit. A ƙasan takardar an buga da Turanci cewa kayan da aka saya aka fita da su ba a karɓarsu kuma. Ya ce, "Ku da kuka yi boko sai ku karanta. Ni an riga an fassara mini."

Mun karanta, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kuma tun ranar layin nan yake ci mana rai. Muna so mu faɗa a fili cewa layin nan zalunci ne, kuma haramtacce ne a dokar ƙasar nan. Abin da ya sa yake raye har yau shi ne mu da muka iya karanta shi ba mu taɓa riƙe sifana ba, su kuwa masu riƙe sifana ba wanda ya gaya musu cewa rubutun banza ne.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta a ɗakin cin abinci daga bakin wasu abokanmu 'ya'yan manyan 'yan kasuwa. Za su ce makanikanmu su ke karya kayan aikinsu da kansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, ba mu musa ba. Duk wanda ya zauna a gareji ya ga yadda ake zura bututun ƙarfe a hannun sifana, yaro ya hau kansa ya yi tsalle. Lissafin ba wuya: hannun da tsawonsa santimita 30 ne, idan aka ƙara masa bututu ya kai mita ɗaya da rabi, ƙarfin murɗawa ya ninka sau 5, kuma ba maƙerin da ya yi alkawarin sifanarsa za ta ɗauki wannan. Mun ga ana mai da sukundireba kurfi ana dukanta da guduma. Mun ga ana ɗora soket mai ƙyalli a kan injin kwance noti mai aiki da iska, alhali soket ɗin wannan inji daban yake, baƙi ne mai kaurin jiki, an yi shi don ya jure bugu. Duk wannan gaskiya ne. Amma dattijon nan bai sa bututu ba, a gabanmu aka yi. Da hannunsa na mai shekara sittin ya karya ƙarfen da aka sayar masa da sunan zai kwance tayar mota.

Kuma ba abin duba ba ne a gane laifin wa. Ƙarfe ba ya ƙarya. Sifana ta ƙwarai da ƙarfen da aka gauraya da kurom da banadiyam ake yin ta, a buge shi da zafinsa har ya ɗauki siffa, sa'an nan a gasa shi ya yi ja, a tsoma shi a mai ya yi tauri, a sake ɗumama shi a hankali don taurin ya sassauta. Maƙeranmu na gargajiya sun san wannan tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya a ƙasar nan, shi suke yi wa gatari da wuƙa. Idan aka yi ha'inci a matakin tauri, sifana za ta yi laushi, bakinta ya buɗe, ta cinye kusurwoyin noti har ya koma kamar ƙwallo. Idan aka yi ha'inci a matakin sassautawa, za ta yi tauri irin na kwalba, ta fashe ba gargaɗi. Sifana ta ƙwarai da aka fi ƙarfinta takan lanƙwashe ko ta buɗe baki kafin ta karye, watau tana ba mai ita labari. Wadda aka yi wa ha'inci kuwa darewa take yi kai tsaye, ka duba wurin karayar ka ga ƙwayoyin ƙarfe manya-manya suna walƙiya kamar sukari. Wani lokaci ma za ka ga gefe ɗaya ya yi baƙi, alamar tsagar tana nan tun daga masana'anta, ƙyallin da aka shafa ne ya rufe ta. Mun karɓi gutsuren sifanar dattijon mun duba. Sukari ne zalla. A jikinta kuwa an buga haruffan Cr-V ɓaro-ɓaro, waɗanda ke nufin kurom da banadiyam. Buga haruffa ba ya cin kuɗi.

Bari mu kai ku wata ƙasa inda makanikai suka daɗe da sanin wani abu dabam, don a ga cewa abin da muke nema ba mafarki ba ne. A Amurka, a shekarar 1927, kantunan Sears suka fara sayar da kayan aiki da sunan Craftsman. Alkawarin da suka yi gajere ne ƙwarai: duk kayan aikin hannu mai ɗauke da wannan suna, idan ya karye, a kawo shi kowane kantin Sears a karɓi wani. Ba a tambayar rasit, ba a tambayar shekarar da aka saya, ba a ma tambayar ko kai ne ka saya. Jika yakan kawo sifanar da ya gada daga kakansa a canja masa. Har ta kai wasu sukan bi kasuwannin tsofaffin kaya suna tsintar karyayyun Craftsman a kuɗi kaɗan, su kai kanti su fito da sababbi, kamfanin kuma ya sani ya kau da kai. A lura da wani abu a nan, domin shi ne ƙashin bayan maganarmu: Sears ba ta ƙera sifana da hannunta. Kantin sayar da kaya ce kawai. Wasu masana'antu ne suke ƙera mata, irin su Western Forge da ke jihar Kolorado da kamfanin Danaher. Duk da haka ba a taɓa ce wa bakanike ya je ya nemi masana'anta ba. Wanda ya karɓi kuɗinka shi ne ya ɗauki nauyin kayanka. Wanda ya ci ladan kuturu, ai shi zai yi masa aski. Ku riƙe wannan don ranar da mai shago zai ce muku, "Malam, ni ba ni na ƙera ba."

Manyan makanikai na can kuwa, waɗanda abincinsu ke bakin sifana, suna da wata hanyar. A 1920 wasu mutum biyu, Joseph Johnson da William Seidemann, suka kafa kamfanin Snap-on a birnin Milwaki, da dabarar soket 10 da ake ɗora wa hannuwa 5 ana sauyawa. Kamfanin bai dogara da kanti ba. Dillalansa ne ke yawo da manyan motoci cike da kaya, kowane mako su tsaya a ƙofar gareji. A Amurka galibi bakanike shi ke mallakar kayan aikinsa na hannu, ba mai garejin ba, saboda haka zuwan motar nan babban al'amari ne. Ya shiga ya biya kason bashinsa na mako, ya miƙa soket ɗin da ya tsage a ba shi wani, idan kuma haƙoran racet ne suka cinye, watau hannun soket ɗin nan mai ƙas-ƙas, dillalin ya buɗe shi nan take ya sauya masa kayan ciki.

Kada wani ya ɗauka tausayi ne ya kawo wannan. 'Yan jari-hujja ba su san tausayi ba, lissafi suka sani, kuma lissafin ya fita. Kayan da aka ƙera da kyau kaɗan ne ke karyewa, don haka kuɗin canji bai taka kara ya karya ba. Mutumin da ya shigo kanti ya canja sukundireba da wuya ya fita bai sayi wani abu ba. Abin da ya fi duka kuwa, kowace karyayyar sifana da ta dawo saƙo ce zuwa ga masana'anta. Idan soket mai lamba 19 ya yi ta dawowa a tsage, mai kanti zai kira mai masana'anta ya ce a duba wutar gashin ƙarfe, in ba haka ba kwangila ta ƙare. Garanti hanya ce da asara ke bi ta koma gidan wanda ya haife ta. Inda aka toshe hanyar, asarar sai ta zauna a hannun wanda ya fi kowa rauni, mai ha'incin kuma ba abin da zai sa ya daina. Gwamnatinsu ma ta sa baki. A 1975 aka kafa dokar Magnuson-Moss, wadda ba ta tilasta wa kowa ya ba da garanti ba, amma ta ce duk wanda ya rubuta shi dole ya bayyana sharuɗɗansa a fili, ya kuma faɗa ko cikakke ne ko mai iyaka.

To, amma ba mu zo nan don mu yi wa Amurka kirari ba. Akwai cikinmu masu ganin duk abin da ya fito daga can tsarkakakke ne, sai su saurari ƙarshen labarin. Sears, wadda har wajen 1990 ita ce kantin da ya fi kowane ciniki a ƙasar, ta fara tangaɗi. A 2005 aka haɗe ta da kantunan Kmart. Daga wajen 2010 aka mai da ƙera yawancin kayan hannu na Craftsman zuwa Asiya, sai bakanike ya kawo tsohuwar sifanarsa ƙirar Amurka, a miƙo masa wata wadda sunan kaɗai suka haɗa, har wasu suka gwammace su riƙe karyayyar. Wanda ya kawo racet sau da yawa ba sabo ake ba shi ba, wani ne da aka yi wa kwaskwarima. A 2017 Sears ta sayar da sunan Craftsman ga kamfanin Stanley Black & Decker a kan kimanin dala miliyan 900, a watan Oktoba na 2018 kuma ta je kotu ta bayyana cewa ta karye. Kantunanta suka yi ta rufewa har suka koma 'yan tsiraru. Sabon mai sunan ya ce alkawari yana nan, ana kuma sayar da kayan a kantuna irin su Lowe's, amma mutumin da ya saba taka ƙafa zuwa ƙofa ɗaya ya fito da biyan bukata ya gane cewa alkawarin har abada ƙarfinsa bai wuce ƙarfin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. A 2019 kamfanin ya yi shelar gina masana'anta ta dala miliyan 90 a Fort Worth ta jihar Tekzas don a dawo da ƙirar gida. A 2023 ya sanar da rufe ta. Ita ma Western Forge an rufe ta a 2020.

Motar Snap-on ma tana da nata dafin. Kayanta sukan ninka na kanti tsada sau da yawa, kuma da bashi ake saye, sai ka ga matashin bakanike bai gama koyon aiki ba ya riga ya ɗaure wuyansa da bashin dubban daloli. Alkawarin canji a rubuce na wanda ya saya da farko ne, a aikace kuma yana rataye da halin dillali. Idan kana cikin masu biyansa kowane mako, ba ya ko duba abin da ka miƙo. Idan dillalin ya bar sana'ar aka daɗe ba a sami magajinsa ba, karyayyun kayanka sai su yi ta taruwa a aljihun akwati. Darasin da muka ɗauka shi ne garantin da ya dogara da alherin kamfani yana iya mutuwa tare da kamfanin. Wanda doka ta ɗora shi ne abin riƙo.

Sai hujja ta biyu da ake jefo mana, wadda ta fi ta farko farin jini: arha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wai dattijon nan ya san abin da ya saya, kayan Sin ne, me yake tsammani? Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wanda ya sayi rariya an ce masa rariya ce. Shi kuwa dattijo an sayar masa da rariya an ce ƙwarya ce, har an buga mata hatimi. Sa'an nan a Amurkan nan dai akwai kantunan Harbor Freight, da aka kafa a 1977, masu rassa fiye da 1,000, waɗanda suka yi suna wajen arha. Kayan hannunsu masu suna Pittsburgh daga Asiya ake kawo su, talakan bakanike da ɗan koyo su ke saye, amma duk da arharsu suna ɗauke da garantin tsawon rai, a kawo karyayye a karɓi wani. Ashe ke nan arha ba ta hana garanti, fitowa daga Sin ma ba ta hana shi. Masana'antun Sin da Taiwan suna ƙera mai kyau suna ƙera marar kyau, gwargwadon abin da mai oda ya biya. Wanda ya san kayan za su dawo masa idan sun karye zai yi odar mai kyau. Wanda ya san ba za su taɓa dawowa ba zai ce a rage ƙarfe a ƙara ƙyalli. Mutumin da ya zauna a ofishin masana'anta ya zaɓi mafi ƙasƙancin daraja don kasuwar Kano da Kaduna ba Basine ba ne. Namu ne, da hularsa.

Shi ya sa ba ma so a ɗauka yaƙi muke da ƙaramin mai shago na Ƙofar Ruwa ko na Panteka. Shi ma a kan wannan sharaɗin ya saro: kwalin da aka ba shi ba ya komawa. Layin da ke ƙasan rasit gado ne da ake miƙawa daga babban mai shigo da kaya zuwa dila, daga dila zuwa mai shago, daga mai shago zuwa bakanike. Bakaniken kuma, Allah ya gafarta masa, yakan miƙa shi ga wanda ke ƙasa da shi. Mun sha ganin yaron gareji ɗan shekara goma sha uku yana shan mari, ko a hana shi kuɗin abincin rana na mako guda, don soket ya tsage a hannunsa. Can ƙarshen sarƙar, inda ba sauran wanda za a miƙa wa, yaro ne mai yunwa yake biyan ribar mai kwantena.

Makanikanmu ba wawaye ba ne, sun nemo wa kansu mafita. Je ka ga yadda suke rububin tsofaffin kayan aiki na hannu da ake kawowa daga Turai, waɗanda ake kira Baljiyam. Bakanike zai bar sabuwar sifana mai walƙiya ya biya fiye da kuɗinta a kan wata tsohuwa mai tsatsa, don ya ga sunan Gedore ko Hazet na Jamus, ko Facom na Faransa, a jikinta. Watau abin da wani bakanike ya gama yayinsa ya yar a wata ƙasa shi ne abin alfahari a tamu. Ko wannan mafitar ma 'yan jabu sun gano ta, suna buga sanannun sunaye a kan ƙarfen banza. Sauran mafitar ita ce mai walda. Kowane akwatin kayan aiki a garejinmu yana da sifanar da aka ɗinke da wuta, alhali zafin walda yana ɓata taurin ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, gobe ta sake karyewa a gefensa.

Abin takaici shi ne ba baƙon abu muke roƙo ba. Manomin ƙauye da ya sayi fartanya ta dare a kwana uku ya san ƙofar maƙerin da ya yi ta, ya san kuma akwai Sarkin Maƙera idan gardama ta yi tsawo, maƙerin ma ya san sunansa ne a bakin kasuwa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala har Muhtasar, sun yi bayanin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye wa mai saye. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda 'yan mulkin mallaka suka bar mana gado, ta ɗora wa ɗan kasuwa sharaɗin cewa kayan da yake sayarwa su kasance masu amfanuwa. Sa'an nan ga dokarmu ta kanmu, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ta ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci, marasa aibi, masu yin aikin da aka yi su dominsa. Idan suka gaza, yana iya mayar da su cikin wata 3, wanda ya sayar kuma ya gyara, ko ya canja, ko ya mai da kuɗi. A Afirka ta Kudu wata 6 dokarsu ta bayar, amma mu ko ukun ma ba mu gani a ƙasa ba. Hukumar da dokar ta kafa, FCCPC, ta sha faɗa cewa sanarwar ba a mai da kuɗi ta saɓa wa doka. Sifanar dattijo kwananta tara. Al'ada tana bayansa, fiƙihu yana bayansa, dokar Turawa tana bayansa, dokar Abuja tana bayansa, amma layi ɗaya na mai buga rasit ya kayar da su duka, domin shi kaɗai ne aka fassara masa.

Ina hukumar kula da ingancin kaya, SON, wadda aka kafa tun 1971? Tun 2005 tana da tsarin da ke neman takardar shaidar inganci kafin a shigo da kayan masana'antu ƙasar nan. Ma'aunin ma ba sai an ƙirƙira ba, ƙa'idojin duniya sun riga sun faɗi ƙarfin murɗawar da kowace lambar sifana za ta jure kafin ta cancanci sunanta. Ta wace ƙofa sifanar sukari ta shigo? Ba za mu tsaya dogon kuka a kan Ajakuta ba, wadda aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, aka shafe fiye da shekara 40 babbar tukunyarta ba ta narka tama ba, ko masana'antar injuna ta Oshogbo da aka kafa a 1980 da haɗin gwiwar Indiya. Wannan kukan an yi shi a shafukan nan har an gaji. Ƙasar da ba ta ƙera sifana tana iya aƙalla ta tace wadda za ta shigo mata.

A nan ne magana ta iso kanmu, musamman yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati. Ku ne ke zaune a teburin sayen kaya na ma'aikatu. Ku ne ke sa hannu a karɓi akwatunan kayan aiki na kwalejojin fasaha, da garejin gwamnati, da waɗanda ake raba wa matasa a bikin yaye masu koyon sana'a, ana ɗaukar hoto ana tafi. Sau nawa kuka rubuta a takardar kwangila cewa duk abin da ya karye cikin shekara ɗan kwangila zai canja? Sau nawa kuka buɗe akwatin kuka ɗauki sifana ɗaya kuka kai a gwada? Gwamnati ita ce mai saye mafi girma a ƙasar nan. Ranar da ta ƙi karɓar kayan da ba garanti, mai shigo da kaya zai koyi odar mai kyau, ragowar kwantenar kuma kasuwa za ta faɗa. Idan kuwa kashi goma ya rufe muku ido, to ku tuna motar da kuke hawa. Sifanar da bakinta ya buɗe ba ta ɗaure noti yadda ya kamata, bakaniken da aka karya wa sifana biyu kuma yakan ji tsoron dannawa a ta uku. Tayar da ta fice a kan hanyar Zariya ba ta tambayar matakin albashin wanda ke cikin mota.

Mu ɗalibai ma ba mu da bakin zargin kowa. Muna zanga-zanga a kan danniyar da ake yi a nahiyoyi masu nisa, muna rubuta ƙasidu a kan gumin ma'aikata, ga ma'aikaci nan a bakin ƙofar makaranta da tsumma a yatsa ba mu taɓa tambayarsa ba. Sashen injiniya yana da na'urar auna taurin ƙarfe, ɗalibai suna gwada gutsattsarin da malami ya yanko musu don cin jarrabawa. Me zai hana aikin ƙarshen shekara ya zama sayo sifanu daga kasuwa, a gwada su, a rubuta sakamakon da Hausa a kai wa ƙungiyar makanikai? Masu karatun lauya suna haddace sassan doka da Turanci, ba wanda ya zauna ya mai da sashen wata 3 ɗin nan Hausa a takarda guda a manna a rumfuna. Su ma makanikan suna da ƙungiya mai rassa a garuruwa, tana karɓar kuɗin wata, tana sasanta rikicin fili. Bakanike ɗaya da karyayyar sifana abin dariya ne a gaban dila. Reshe guda mai mutum ɗari biyu da ya ce ba ya saye sai a wurin wanda ya yarda da canji, ba dilan da zai yi masa dariya.

Mun roƙi shugabannin ƙungiyarmu, sun kuma yarda, an ajiye akwati a ofishin sakatare. Duk wanda ya je hutu ko ya kai babur gyara, ya roƙo mana karyayyun sifanu da soket, tare da kwanan watan saye da rasit idan akwai. Gutsuren wilsifanar dattijo shi ne na farko a ciki. Da muka koma karɓo rasit ɗin mun tarar yatsunsa sun warke, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ya sayi wata sifanar a shagon da ya sayi ta farko, don shi ne kaɗai ke ba shi bashi. Mun karanta masa abin da doka ta ce, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce mu rubuto masa da Hausa da manyan baƙaƙe, kuma ranar da zai kai takardar mutum biyu daga cikinmu su raka shi. Mun sa ranar Asabar.